A Kan Keke Tsakanin Duwatsun Mubi: Hanyoyi da Harsunan Bakin Iyaka

Gabatarwa

Yawancin abokan karatuna a wannan sashe, da zarar an ambaci Mubi abu biyu ne ke faɗo musu a rai, wato kasuwar shanu da kuma abin da ya sami garin a shekarar 2014. Duka biyun gaskiya ne, sai dai akwai sauran labari. Ni haifaffen ƙasar ne. Gude ne harshen da na buɗi baki da shi a gida, Fulatanci a wajen wasa da kasuwa na tsince shi, Hausa kuwa sai da na yi nisa a firamare sannan ta zauna a bakina. Tun ina sakandare nake hawa keke ina zaga ƙauyukan da ke kewaye da garin, kuma har yanzu duk hutun ƙarshen zango ba na rasa fita sau uku ko huɗu. Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa mai karatu hanyoyin da mai keke zai iya bi a wannan yanki cikin natsuwa, da tarihin da ke kwance a gefensu, da kuma abin da ɗalibin harshe zai ƙaru da shi idan ya bi su da kunnensa a buɗe.

Yadda ƙasar take

Mubi tana arewacin Jihar Adamawa, kimanin kilomita 200 daga Yola, a gindin duwatsun Mandara ta ɓangaren yamma. Waɗannan duwatsu jeri ne mai tsawon kusan kilomita 200, sun taso daga kusa da kogin Binuwai a kudu sun miƙe har Gwoza da Mora a arewa, rabi a Nijeriya rabi a Kamaru. Kogin Yedzaram daga cikinsu ya fito, ya ratsa garin Mubi ya nufi arewa, ya bi ta wajen Uba da Bama zuwa ƙasar tafkin Chadi.

Wannan bayani ba na cika takarda ba ne, domin shi ne zai gaya wa mai keke irin wahalar da ke jiransa. A wurare da yawa Turawan mulkin mallaka sun aza iyaka ne a kan ƙoƙuwar duwatsun, daidai inda ruwan sama ke rabuwa biyu, wani ya gangaro Nijeriya wani ya gangara Kamaru. Ke nan duk hanyar da ta nufi iyaka daga Mubi, galibi hawa ce a tafiya, gangara a dawowa. Wannan sa'a ce ga mai keke. Zai sha wahalarsa da sanyin safiya yana da sauran ƙarfi, sannan ya dawo da rana tsaka keken ne ke ɗauke da shi. Wanda kuwa ya bi kwarin Yedzaram zai sami ƙasa shimfiɗaɗɗa, amma a nan ne manyan motoci suke.

Me ya sa keke?

Akwai lokacin da keke ya zama abin dariya a garuruwanmu, ana ganin sai tsoho ko ɗan makaranta ke hawansa. Abu biyu suka dawo masa da daraja. Na farko, hana hawa babur saboda matsalar tsaro, wanda aka fara a Maiduguri a 2011, daga baya ya iso garuruwan Adamawa. Na biyu, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya sa kuɗin mota daga ƙauye zuwa gari ya fi ƙarfin mutane da dama. Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix da aka jingine a bayan rumbu sai ga su an fito da su an kai wa mai gyara.

Ga ɗalibin harshe akwai wani dalili da ya fi waɗannan. Wanda ke cikin mota ba ya jin komai sai ƙarar inji da hirar fasinjan da ke kusa da shi. Mai keke kuwa dole ya gaisa da mai noma a bakin hanya, dole ya tsaya ya nemi ruwa, dole ya tambayi hanya. A tafiyar awa uku zai iya jin harsuna huɗu ko biyar, ya kuma lura da daidai inda wani ya ƙare wani ya fara. Ita kanta kalmar keke abin nazari ce, domin daga Yarabanci Hausa ta aro ta. Tsofaffin ƙamusoshi suna da basukur, wadda aka aro daga Ingilishi, da kuma laulawa. A ƙasar Mubi har yanzu za ka ji dattijo mai jin Fulatanci yana cewa baskur, kalmar da matasan Kano da yawa ba su taɓa ji ba.

Hanyar Gella da Kwaja

Wannan ita ce hanyar da na fi so, kuma ita nake fara kai baƙo. Gella ce hedikwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, a tsakiyar ƙasar Gude. Da an bar gidajen ƙarshe na gari sai hayaniya ta ɗauke, a shiga gonakin dawa da gyaɗa da wake, ga itatuwan kuka da tsamiya da kaɗanya jefi-jefi, ga duwatsu suna matsowa ta gaba da ta hagu kamar za su rufe hanya. Hawan ba mai tsanani ba ne kafin Gella, ko mai keke marar giya zai iya idan bai yi gaggawa ba. Abin da za a fi gamuwa da shi shi ne mata ɗauke da kaya zuwa kasuwa, da garken shanu, da 'yan babura.

Daga Gella zuwa sama, wajen Kwaja, magana ta canza. Nan hawa ne na gaske, ga tsakuwa, ga wuraren da ruwan damina ya zaizaye hanya ya bar dutse tsirara. Ba abin kunya ba ne mutum ya sauka ya tura, ni ma ina turawa. Ladan wahalar shi ne idan aka waiwaya, sai a hango kwarin Mubi gaba ɗaya a shimfiɗe, kogin yana sheƙi a tsakiya. A nan ne kuma za a ga irin noman mutanen dutse, inda suke jera duwatsu hawa-hawa a jikin tudu kamar matakala, kowane hawa ya riƙe 'yar ƙasa da ruwan sama don kada su gangare. Gonar da faɗinta bai wuce taku uku ba, sai ka ga an shuka dawa a ciki ta yi kyau. Aikin kakanni ne, kuma duk shekara sai an gyara inda ya rushe kafin ruwan farko.

Sunan Kwaja ya shiga kundin shari'ar duniya. A hukuncin da Kotun Duniya ta birnin Hague ta yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002, tsakanin Kamaru da Nijeriya, kowa Bakassi ya sani, amma hukuncin ya bi iyakar tudu ma wuri-wuri, kuma ɗaya daga cikin wuraren shi ne wanda takardun suka rubuta Kotcha ko Koja. Matsalar ita ce ƙauyen na Nijeriya ne, amma da mutane suka yawaita sai gidaje da gonaki suka tsallaka mararrabar ruwan zuwa ɓangaren Kamaru. Kotu ta ce ba ta da ikon gusar da layin da aka riga aka shata don kawai gari ya faɗaɗa. Wato manomi yana iya kwana a ƙasa ɗaya gonarsa tana wata ƙasar, alhali gadonta ya yi daga kakansa. Shawarata ga baƙo a nan ita ce ya gaisa da kowa, ya sha ruwansa, kada ya buɗe zancen inda iyaka ta bi sai idan masu wurin ne suka fara.

Yadda aka yi layin ya biyo ta nan

Wanda bai san tarihin wannan iyaka ba zai ɗauka tun fil azal haka take. A ƙarni na 19 ƙasar Mubi ta shiga ƙarƙashin daular Fombina wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Yuni na 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Uba da Mubi daga Kukawa zuwa Yola, inda Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba ya sallame shi. Ɗaliban Hausa sun san Barth ta wata fuska, domin shi ne ya tafi Turai da yara biyu, Dorugu da Abbega, kuma daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya rubuta yawancin abin da ke cikin Magana Hausa na 1885. Abin da ba a cika faɗa mana a aji ba shi ne Abbega Margi ne, wato maƙwabcinmu ne na arewa, Hausa koyonta ya yi kamar yadda na koya.

Jamusawa suka kama Mubi a 1903 suka haɗa ta da Kamaru. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kore su, Ingila da Faransa suka raba ƙasar a tsakaninsu a 1919, Mubi ta faɗo rabon Ingila a matsayin ƙasar amana, ana mulkinta daga Yola. Layin da muke gani yau gwamnonin ɓangarorin biyu, Thomson da Marchand, su ne suka fayyace shi, aka tabbatar a 1931. Da lokacin 'yancin kai ya ƙarato sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Arewacin Kamaru inda suke so. A ƙuri'ar 1959 suka ce a ɗage maganar tukuna. A ta Fabrairun 1961, wadda mata ma suka jefa, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata, shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo kuwa ya mai da ranar ta zaman makoki a ƙasarsa. Saboda haka a ranar 1 ga Oktoba, 1960 da ake bikin 'yancin Nijeriya, kakannina ba 'yan Nijeriya ba ne tukuna. Daga nan sai Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991.

Layin bai tambayi kowa harshensa ba. Akwai Gude a nan akwai Gude a can wajen Burha da Bukula. Njanyi ma haka. Mutanen da muke kira Higi ko Kamwe a Michika, su ne ake kira Kapsiki a Kamaru, inda dogayen duwatsun Rumsiki suke tsaye kamar turaku. Ɗan'uwa na wannan gefe ya yi makaranta da Ingilishi yana kashe naira, na wancan gefe ya yi da Faransanci yana kashe sefa, idan an haɗu wajen biki ko jana'iza kuma a koma harshen gida.

Hanyar Sahuda

Sahuda ita ce ƙofar da 'yan kasuwa suka fi sani, daga ita sai Bukula a Kamaru, a wuce zuwa Gidar. Ban sa ta cikin hanyoyi masu shiru ba sai da sharaɗi. A ranakun da kasuwar shanu ta Mubi ke ci, da jajibirinsu, hanyar cike take da motocin kaya da garkuna da babura masu ɗauke da jarkoki, ƙura kuwa ba a magana. A sauran ranaku da sassafe tana da daɗin bi, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda ke son ganin yadda bakin iyaka yake da idonsa, da shingen kwastan, da 'yan canjin kuɗi a gindin bishiya. A tuna cewa Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka wanda ba shi da cikakkun takardun tafiya ya tsaya a Sahuda ya juyo. Mutanen wurin suna tsallakawa kullum domin an san su, baƙo mai keke da jaka a baya ba a san shi ba.

Hanyar Vimtim da Muchalla

Ta arewa maso gabas da gari ƙasar Fali ce. Vimtim ta yi suna a jaridu saboda ita ce mahaifar marigayi Alex Badeh, wanda yake babban hafsan tsaron Nijeriya a daidai lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga garin nasa a 2014. Hanyar hawa da sauka ce, tudu bayan tudu, irin wadda ke gajiyar da mutum a hankali ba tare da ya lura ba. Idan aka ci gaba zuwa Muchalla da Bahuli an shiga cikin duwatsu sosai, motoci sun yi ƙaranci, wani lokaci sai ka yi rabin awa ba ka ji komai ba sai kukan kurciya da ƙarar kacar kekenka.

Ga mai nazarin karin harshe wannan hanya aji ce guda. Falin Mubi kashi huɗu ne, na Vimtim da na Bahuli da na Muchalla da na Bagira, kowanne da sunan da yake kiran kansa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce abin da keke zai ci a yini ɗaya ba. Dutse ɗaya ya isa ya raba lafazi. Bugu da ƙari, akwai wasu mutane a arewa da Garwa a Kamaru da su ma ake kira Fali, amma harshensu ba dangin wannan ba ne. Wannan ya isa ya nuna wa ɗalibi haɗarin dogara da sunan ƙabila wajen rarraba harsuna.

Hanyar Maiha, ta kudu, ƙasar Njanyi ce. Ta fi sauran tsawo, ba ta da hawa mai tsanani, kuma tafiyar yini ce cur idan za a je a dawo. Wanda bai saba ba ya bar ta sai ƙafarsa ta yi ƙwari.

Ta arewa, da maganar Sukur

Babbar hanyar da ta tashi daga Mararraba ta bi Uba da Bazza da Michika da Gulak zuwa Madagali ba ta mai keke ba ce, tireloli da motocin haya sun yi mata yawa. Na ambace ta ne kawai saboda Sukur, wadda ke ƙaramar hukumar Madagali. A 1999 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Nijeriya, sai a 2005 kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya. Gari ne a kan dutse mai tsayin sama da mita 1,000, da fadar sarkinsu da ake kira Hidi wadda aka gina da duwatsu zalla, da hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu tun daga ƙasa har sama, da gonaki hawa-hawa, da kufan wuraren narka tama, domin a da Sukur ce ke sayar wa maƙwabta ƙarfe. Keke ba ya hawa can, a ƙasa ake barinsa a taka da ƙafa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai mutane zama a irin wannan wuri alhali ga fili a ƙasa? Ɗaya daga cikin amsoshin tana cikin littafin da Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya sa aka riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, wanda aka buga fassararsa ta Ingilishi a 1995. A ciki yana lissafa hare-haren da ya aika kan ƙauyukan dutse, har da Sukur, da yawan bayi da shanun da aka kamo, kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafin ciniki. Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Doki ba ya iya hawan waɗannan duwatsu, shi ya sa suka zama mafaka. Da aka sami zaman lafiya mutane suka riƙa saukowa kwari, inda ruwa da kasuwa da makaranta suke.

A ƙarshen Oktoba na 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram har suka canza mata suna zuwa Madinatul Islam, jikokin waɗanda suka sauko sai suka sake hawa. Waɗannan hanyoyi da nake bayani, ta Gella da ta Sahuda da sauransu, su mutane suka bi da ƙafa, mata da yara da ɗaliban jami'ar jiha da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wasu suka kwana a kan duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. A tsakiyar Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin. Sukur ma an kai mata hari a ƙarshen wannan shekara, aka ƙona gidaje. Duk ƙauyen da mai keke ya tsaya shan ruwa akwai wanda ya ba masu gudu ruwa a wancan lokaci, kuma idan aka zauna da shi cikin ladabi zai ba da labari.

Game da yau, gaskiyar magana ita ce kewayen Mubi ya lafa, kasuwa tana ci, makarantu suna karatu. Arewa kuwa, wajen Madagali da wasu ƙauyukan Hong da ke kusa da dajin Sambisa, ko a 2025 an kai hare-hare. Ban ba kowa shawarar ya nufi can a kan keke ba. Mai son ganin Sukur ya shiga mota, ya tafi da ɗan gari, bayan ya tambayi halin da ake ciki a makon.

Abin da kunne zai ji

Harsunan Gude da Fali da Njanyi da Kamwe da Margi da Kilba da Sukur duk 'yan gidan Chadi ne, reshen tsakiya da ake kira Biyu-Mandara, Hausa kuwa tana reshen yamma. Wato dangin Hausa ne na nesa, ko da yake Bahaushe ba zai fahimci ko jimla ɗaya ba. Fulatanci, wanda ya fi kowanne kama da maƙwabcin Hausa a idon mutane, shi ne bare a cikinsu, domin daga wani gida dabam ya fito.

Sunayen wurare kaɗai sun isa su ba da tarihi. Duk inda ka ji Mayo, kamar Mayo Bani, kogi ne da Fulatanci. Wuro gari ne ko unguwa. Lamorde mazaunin sarki ne. Mararraba da Sabon Layi da Yelwa Hausa ce, kuma yawanci sababbin wurare ne. Vimtim da Duvu kuwa, da harafin v da Hausa ba ta da shi, sunaye ne na masu ƙasa tun kafin zuwan Fulani da Hausawa. Na bar Michika da Muchalla da ch kamar yadda suke a allunan hanya, ko da yake ƙa'idar rubutunmu c take so.

A zamanin kakannina Fulatanci ne harshen kasuwa a Mubi. Yanzu a gefen Nijeriya Hausa ta karɓe wannan matsayi, a gefen Kamaru kuwa Fulatanci na nan da ƙarfinsa. Mai keke zai ji wannan sauyi da kunnensa. A cikin gari yara da Hausa suke wasa. A Gella za a amsa maka da Hausa amma a juya a yi wa juna Gude. Can sama kusa da iyaka, tsohuwar da ka tambaya hanya wataƙila sai ka ce mata jam na kafin ta saki jiki, idan ta ba ka ruwa kuma ka ce useko.

Hausar tamu ma tana da kamanninta, kuma ina roƙon 'yan'uwana na Kano da Katsina su saurare ta a matsayin abin nazari kafin su yi dariya. Jinsi ya kusan ɓacewa, za ka ji mota ya lalace, yarinya ya tafi. Mutane da yawa ba sa bambanta k da ƙ, sai baki da baƙi su zama ɗaya. Amma ɓ da ɗ ba su ba mu wahala, domin muna da su a harsunanmu. Abin da ke damuna shi ne ɗaya gefen maganar. Ina da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa da aka haifa a cikin gari waɗanda suke jin Gude amma da Hausa suke amsawa, nasu 'ya'yan kuwa da wuya su ji ma. Ina karanta Hausa kuma ina ƙaunarta, duk da haka na san ita ce ke cinye harshen gidanmu. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a bakin hanyar Gella, ba ya buƙatar komai sai keke da littafin rubutu da wayar ɗaukar murya, da kuma neman izinin mai magana kafin a ɗauka.

Shiri kafin fita

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya ɗauke, an yi girbi, ga sanyi. Hazon hunturu yana rufe duwatsu wasu ranaku, wannan kaɗai ne aibinsa. Maris da Afrilu zafi ya yi yawa. Da damina ƙasar ta fi kyau a ido, amma rafin da ka tsallaka da safe ƙafarka ba ta jiƙe ba, idan aka yi ruwa a kan dutse zai iya hana ka komawa gida da yamma, ko da kuwa ɗigo bai sauka a inda kake ba. A fita da asuba, a juyo kafin azahar, kada magariba ta sami kowa a hanya.

Game da keken kansa, giya ita ce bambancin. A misali, keken da ke da haƙora 44 a gaba da 18 a baya, duk zagaye ɗaya na feda tayar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi, wato sama da mita 5 a ƙasa. A fili wannan daɗi ne, a kan tudu kuwa kamar ɗaga buhu ne da ƙafa ɗaya. Keke mai giya yana ba ka damar mayar da kaca kan ƙaramin faranti a gaba da babba a baya, sai zagaye ɗaya ya zama kamar mita 2, tafiya ta ragu amma nauyi ya sauka. A sauya giya kafin a shiga hawan, domin sauyawa ana tsakiyar dannawa yana tsinka kaca. A gangara kuma haɗarin ya fi yawa. A riƙa kama birki biyu tare ana saki, kada a damƙe na gaba shi kaɗai a kan tsakuwa. Tsofaffin kekuna masu birkin ƙarfe ba sa kamawa sosai idan taya ta jiƙe, don haka bayan tsallaka rafi a gwada birki kafin a saki keke.

A jaka a sa famfo da kayan faci da sulushan da sifana, domin ƙaya da tsidau ba su da tausayi, kuma mai faci ba a kowane ƙauye yake ba. A ɗauki ruwa aƙalla lita 2, da gyaɗa ko dabino. Katin makaranta da katin ɗan ƙasa su kasance a aljihu. A shingen sojoji ko na 'yan banga a sauka daga keke tun daga nesa, a gaisa, a faɗi inda za a je, kuma kada a fito da waya da niyyar ɗaukar hoto. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, biyu ko uku sun isa, ayari mai yawa kuma yana jawo tambaya. Idan za a daɗe a ƙauye ana hira da mutane, a fara zuwa gaida jauro ko lawani a gaya masa abin da ya kawo ku, sau da yawa shi da kansa zai haɗa ku da tsohon da ya fi kowa sanin tarihin wurin.

A watan Satumba na 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Burkina Faso tana da tata gasar tun 1987. Mu a nan ba mu da ƙungiya ko alamar hanya ko taswirar masu keke, abin da muke da shi shi ne tuddan da kuma masu gyaran keke na cikin kasuwar Mubi, waɗanda suke ba da haya na yini idan aka zo da wanda suka sani. Wanda zai zo daga Yola ya shiga motar safe, ya kwana a gari, washegari mu fara da Gella.